Tirbushon da ke iya wa bushon Yamai

Wani yaro ɗan Tawa da ya fara koyon sabis, wato hidimar tebur, a otal ɗinmu wata uku da suka wuce ya same ni bayan an tashi daga abincin rana, ina ninke ƙyallayen tebur. Ya ce, "Baba, na tara jikka biyar daga abin da baƙi ke bar mini. Ina son in sayi tirbusho nawa na kaina, na gaji da aron na mutane. Wanne zan saya?" Tirbusho shi ne ƙarfen da ake cire busho da shi, wato toshin bakin kwalba. Na ce masa ya nemi na aljihu mai ƙafa biyu, kuma kada ya tafi kasuwa sai da tsinken ashana a aljihunsa. Yana tsaye yana jiran sauran bayani aka kira ni kicin. Sauran bayanin ke nan nake rubutawa, domin shi da ire-irensa.

Na shiga aikin otal a Yamai a ƙarshen 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, sa'ad da kowane otal ke neman ƙarin hannu. Ni Kirista ne daga Dogon Dutsi, kuma na san yawancin masu karanta wannan Musulmi ne, ba ruwansu da giya. Cikin abokan aikina akwai waɗanda ko taɓa kwalbar ba sa yi. Idan teburinsu ya nema sai su yafito ni, su kuma su riƙe mini nawa teburin kafin in dawo, kuma mun daɗe a haka cikin mutunta juna. Sai dai busho ba a bakin giya kaɗai yake ba. Akwai ruwan inabi marar giya da ake kawowa wurin liyafa, shi ma da irin wannan toshi, kuma duk wanda ke aikin tebur wata rana zai tsinci kansa da kwalba a hannu, mutum takwas sun zuba masa ido.

Da busho ake kokawa, saboda haka shi ya kamata a fara sani. Ɓawon wata bishiya ne da ke fitowa a Fotugal da Sifen da ƙasashen Arewacin Afirka irin su Maroko da Aljeriya, kuma Fotugal kaɗai ke ba da kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi. Ba a sare bishiyar, saɓule mata ɓawo ake yi. Sai ta kai wajen shekara 25 kafin a fara, daga nan a riƙa komawa duk bayan shekara 9, kuma ɓawon fari da na biyu ba sa yin bushon kirki, sai na uku. Wato ɗan abin nan da muke jefawa a shara ya haura shekara 40 ana jiransa. Faɗinsa milimita 24 ne, a matse shi da inji a cusa shi cikin wuyan da bai wuce milimita 18 da rabi ba, shi ya sa yake riƙewa da ƙarfi haka. Akwai kuma na garin busho da aka haɗa da gam, akwai na roba, akwai kwalaben da suka bar toshi gaba ɗaya suka koma murfin murɗawa, kamar yawancin na Ostareliya.

A ƙasashen da ake yin ruwan inabin, kwalba kwance take a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 12 zuwa 14, ruwan yana taɓa bushon, yana hana shi bushewa. Tamu kuwa sai ta hau jirgin ruwa, ta zauna cikin kwantena a tashar ruwa, ta hau babbar mota. Daga Kwatano zuwa Yamai ta Gaya ya fi kilomita 1,000, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, inda motoci ke yin kwanaki a tsaye cikin rana suna jiran rakiya. Zafi na kumbura ruwan, ruwan na tura busho, dare ya yi ya koma. In ta iso, a yawancin kantuna a tsaye ake jera ta. Hunturu ya busar da ita, bazara ta zo da digiri 43 ko 44, wuta ta ɗauke, sito ya zama tanda. Ga baƙi daga waje sun ragu a ƴan shekarun nan, kwalbar da a da ba ta wata guda a wurinmu yanzu sai ta shekara. Sakamakon iri biyu ne, na kuma san su kamar yunwar cikina: ko dai busho ya bushe ya zama mai marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu, ko kuma ya manne da gilashi kamar an sa masa gam. Idan ka ga busho ya ɗan leƙo sama da bakin kwalba, ko ka ji danƙo a ƙarƙashin hular da ke lulluɓe bakin kwalbar, ka san zafi ya riga ya yi aikinsa.

Saboda haka ni ba na auna tirbusho da lafiyayyen busho. Kowane ƙarfe na iya fitar da wannan. Da marar lafiya nake auna shi, don shi ne abokin aikinmu a nan.

Abin da ya fi komai a jikin tirbusho shi ne murɗaɗɗen ƙarfen da ke shiga cikin busho, wanda Faransawa ke kira wutsiyar alade, mu kuma a wurin aiki muke cewa wutsiya kawai. Iri biyu ce. Akwai wadda aka murɗa daga waya guda, tsakiyarta rami ne fayau. Akwai kuma mai sanda a tsakiya da kaifi kewaye, kamar sukurun kafinta. Ta farko tana bin hanya ɗaya cikin busho, kowane zagaye na bin sawun na gabansa, sai ta rungumi naman bushon daga ciki. Ta biyu huda rami take yi, tana niƙa abin da ta tarar, in ka ja sai ta fito da gari ta bar maka busho mai rami a wuyan kwalba. Amfanin tsinken ashana ke nan. Ka zura shi ta ƙasan wutsiyar: in ya shige ta tsakiya har sama, ka ci gaba da ciniki, in ya tokare, ka ajiye wa mai kaya abinsa ko da kyauta zai ba ka. Ka ƙirga zagayen kuma. Biyar ake so. Mai huɗu gajere ne, ba ya kai wa gindin dogon busho, nan ne rabi ke fitowa rabi ya zauna.

Masu tarihi suna danganta wannan wutsiya da ƙarfen da sojojin zamanin da ke amfani da shi wajen sakace bindigar da ake ɗurawa ta baki idan harsashi ya maƙale, irin bindigar da maharbanmu na Arewa suka sani. Wanda ya fara yin rajistar tirbusho da sunansa wani limamin coci ne a Ingila, Samuel Henshall, a 1795. Abin da ya ƙara ɗan faifan ƙarfe ne tsakanin wutsiya da mariƙi. In wutsiya ta shige har faifan ya zauna kan busho, ci gaba da murɗawa sai ya juya bushon kansa, ya raba shi da gilashi. Na yi ta mamakin yadda mutum a ƙasar sanyi ya yi tunanin maganin ciwon da ya fi damunmu a nan.

Ina da irin wannan tsohon samfuri, mai mariƙin katako a gicciye, na saye shi a kasuwar Katako, amma nawa ba shi da faifan. Ba abin da ke lalacewa a jikinsa, ko jikana zai gaje shi. Sai dai ƙarfinka kaɗai ne ke aiki, kuma fitar da busho mai riƙo kan bukaci ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 20 zuwa 40. Dole ka matse kwalba tsakanin gwiwoyi ko ƙarƙashin hamata, in ya saki kuma sai ya saki gaba ɗaya, gwiwar hannunka ta tafi baya, ruwa ya fantsama. A gida ba laifi. A gaban baƙo ba a yin haka.

Wanda ya fi yawa a kantunan Yamai, wanda kuma kowane sabon shiga ke fara ɗauka, shi ne mai fukafukai biyu. Digol muke ce masa, kamar yadda Faransawa ke kiransa, saboda in kana murɗa kansa hannuwansa biyu na tashi sama yadda Janar De Gaulle ke ɗaga nasa in yana jawabi. Wani Dominick Rosati ya yi rajistar irinsa a Amurka a 1930. Zan faɗi alherinsa tukuna. Ba ya bukatar koyo, bakinsa na zama daidai kan kwalba ya sa wutsiya a tsakiya, kuma mai raunin hannu ko tsohuwa na iya danna fukafukan nan biyu ba wahala. A saman kansa akwai mabuɗin kwalbar lemo.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Cikin Digol goma da na ɗauka a kasuwa da ƙyar in ga ɗaya mai wutsiyar rami, sauran duk sukurun kafinta ne. Haƙoran da ke ɗaga shi na narkakken ƙarfe ne mai arha, in suka haɗu da bushon da ya manne sai ka ji ƙas, fiffike ɗaya ya saki. Ba ka ganin zurfin da ka kai, sai ka huda busho har ƙasa gari ya zuba ciki. Ba shi da wuƙar yanke hula, ba ya shiga aljihu, kuma sai an dasa kwalba a tebur an kama shi da hannu biyu.

Shi ne ya taɓa kunyata ni, kuma har yau ina jin abin. Wani daren Afrilu ne, teburin mutum takwas a farfajiyar da ke kallon kogi, fitilun Gadar Kennedy na haskawa daga nesa. Na ara wa wani abokin aiki na aljihuna, sai na ɗauki Digol ɗin da ke kan kanta. Mai gayyar ya zaɓi kwalba mafi tsada a takardarmu, wadda ta daɗe a sito. Na ga bushon ya ɗan leƙo, na kuma ci gaba. Fukafukai suka tashi, na danna, wutsiya ta fito da gari cike da ita, busho na nan zaune da rami a tsakiya. Na sake gwadawa, sauran ya rufta ciki. Sai da na koma ciki na tace ruwan da farin ƙyalle cikin wata kwalbar gilashi. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya dai ce a kawo wata. A ƙarshen wata aka cire kuɗin ta farkon daga albashina, kuma a lokacin ɗiyata ta fari na shirin shiga lakwal. Tun daga ranar ban sake ba da aron na aljihuna ana cikin aiki ba.

Na aljihun nan shi ake kira somaliye, wasu su ce limonadiye. Wani Bajamushe, Karl Wienke, ya yi rajistarsa a 1882, kuma har yau siffarsa ba ta canja sosai ba: yana ninkewa kamar wuƙar aljihu, da ƴar wuƙa a gefe ɗaya, wutsiya a tsakiya, da ƙafar ƙarfe da ke dogara a leɓen kwalba. Wani dattijo ɗan Togo ne ya koya mini riƙonsa, mutumin da ya yi aikin tebur tun zamanin Diori Hamani. Nasa mai ƙafa ɗaya ne, ya goge har ya yi sulɓi. Yakan ce mini, "Ɗana, kunnenka ya riga hannunka," wato in saurari busho tun daga murɗawar farko. Lafiyayye yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, yana riƙe wutsiya. Busasshe ba ya riƙewa, sai ka ji ƙarfe na tafiya sakwa-sakwa kamar cikin burodi. Wannan ji shi ne babban abin da somaliye ya fi sauran da shi. Tsakanin yatsunka da busho ba wani inji, duk abin da ke faruwa a ciki yana zuwa hannunka, kana iya tsayawa tun kafin ɓarna ta auku.

Aibin mai ƙafa ɗaya shi ne, in busho ya fito rabi sai hannunka ya yi sama da yawa, ja ya daina tafiya a miƙe, ya fara lanƙwasa bushon gefe. Lafiyayye zai jure. Namu na Yamai a nan yake karyewa. Mai ƙafa biyu ya magance wannan: ƙafar na da gaɓa a tsakiya da matakai biyu. Ka dogara da na sama ka ɗaga rabi, ka sauya zuwa na ƙasa ka ɗaga sauran, busho na tafiya a miƙe tun daga fari har ƙarshe. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, bambancin aikinsu kuwa a wurinmu shi ne tsakanin kwalbar da aka sha da wadda aka cire a albashi.

Ga yadda nake yi. Ina nuna wa baƙo takardar jikin kwalba, in bar ta tana kallonsa har in gama, ba na juya kwalba, wuƙa ce ke zagayawa. Ina yanke hula a ƙarƙashin leɓe na ƙasa don kada ruwa ya taɓa ta in ana zubawa, in goge bakin da ƙyalle, domin ƙurar Yamai na shiga ko'ina. Tsinin wutsiya ba a tsakiyarta yake ba, a gefen zagayen yake, saboda haka ina kwantar da ita kaɗan, in soka tsinin, sannan in miƙe ta, sai ramin tsakiyarta ya zauna daidai tsakiyar busho. Ina murɗawa ba tare da dannawa ba har zagaye ɗaya ya rage a waje. In dogara da matakin farko, yatsan hannun hagu na riƙe da ƙafar don kada ta zame ta ɓantare leɓen gilashi. In ɗaga a hankali. In na ji ya manne, ba na fizga, ina riƙe ƙarfin a wuri ɗaya in ƙirga uku ko huɗu, yawanci sai ka ji ya saki da kansa. Mataki na biyu, sai in tsaya saura kaɗan ya fita, in kama shi da yatsu in karkaɗa shi ya fito shiru. Ƙarar nan ta "fok" da yara ke so, a teburin kirki ba a son ta. Daga nan in shinshina bushon. In yana warin jiƙaƙƙen kwali, ruwan ya lalace, gara ni in faɗa kafin baƙo ya faɗa.

Wanda ke aljihuna yanzu Pulltap's ne, ƙirar Sifen, wani tsohon abokin aiki da ya koma Abijan ya aiko mini. Ya shekara bakwai ko takwas a hannuna, ya yi taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 da ni, lokacin da nake buɗe kwalabe har yatsuna su yi tsami, gaɓarsa ba ta saki ba har yau. Wuƙarsa mai haƙora ce, ta ɗan dakushe, wutsiyar na da baƙin shafi mai sa ta sulɓi. A kasuwa za ka ga masu kama da shi da yawa ba suna, wasu na da kyau, wasu kuwa baƙin fenti ne kawai aka shafa musu, sati biyu ya fara ɓarewa cikin busho. Ka kankare shi da farce ka gani. Ka buɗe wutsiyar ka girgiza ta hagu da dama, in tana rawa a gindinta tun tana sabuwa, ba za ta yi wata uku ba. Ka duba bakin ƙafar, ya kasance yana da ɗan lanƙwasa da zai kama leɓen kwalba. Ka riƙe shi a tafin hannu ka matse, in gefensa na cin hannu ka tuna sau talatin za ka matse shi a dare ɗaya.

Za ka kuma ga masu mariƙin ƙaho ko katako mai sheƙi, da ɗan ƙudan zuma a wuya, an rubuta Laguiole. Sunan wani ƙauye ne a kudancin Faransa da ya shahara da ƙirar wuƙa, kuma na ainihi da maƙeran can ke yi da hannu abu ne mai kyau ƙwarai, kuɗinsa na iya haura albashin sabon ma'aikaci. Amma sunan ba na kamfani ɗaya ba ne, ana buga shi a kan kayan da aka ƙera a wasu ƙasashe da yawa. In an ce maka jikka uku, ka auna shi da tsinken ashana kamar kowane, kada ƙudan zuman ya ɗauke maka hankali. Yawancinsu ma ƙafa ɗaya gare su.

Akwai na biyu da ba na rabuwa da shi, ko da yake sai in yi sati ban taɓa shi ba. Bilam ne, mai harsuna biyu na siririn ƙarfe, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, ba shi da wutsiya ko kaɗan. Turawa na kiransa Ah-So, daga abin da Bajamushe ke faɗa in ya gane yadda abu ke aiki. Ba ya huda busho, ta gefe yake bi. Ka zura dogon harshen tsakanin busho da gilashi, sannan gajeren a ɗaya gefen, ka riƙa karkaɗa mariƙin gaba da baya kana sauka kaɗan-kaɗan har ya zauna, sai ka murɗa kana ja sama. Harsunan nan na yanke mannewar da zafi ya yi, su rungumo bushon gaba ɗayansa ko da ya bushe. Da shi ne a hannuna a daren Afrilun nan, da ba a taɓa albashina ba. In ma busho ya karye rabi ya zauna a wuya, shi ke ceto.

Yana da sharaɗi. In ka danna shi kai tsaye maimakon karkaɗawa, ko bushon ya riga ya saki, sai ka tura shi ciki. Da bushon roba kuma wahala ce kawai, harsunan ba sa samun hanya. Yana bukatar hannu mai haƙuri, kuma a Yamai samunsa sai an dace, nawa a wurin masu sayar da kayan Turawan da suka tashi na same shi. Wani abu kuma da ya kamata a faɗa: tun da ba ya barin rami, marar gaskiya na iya cire busho, ya taɓa abin da ke ciki, ya mayar. Shi ya sa ba na yarda yaro ya kawo kwalba a buɗe daga ciki. A gaban mai ita ake yanke hula. Akwai wani mai suna Durand, ƙirar Amurka, da ya haɗa wutsiya da harsunan bilam wuri ɗaya domin tsofaffin kwalabe. Sau ɗaya na gan shi a hannun wani baƙo da ya zo da abinsa, aikinsa ya burge ni, amma kuɗinsa ya fi dalar Amurka 100.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Screwpull, wanda wani injiniyan haƙar man fetur na Texas, Herbert Allen, ya fito da shi a 1979, doguwar wutsiya gare shi mai sulɓi: ka yi ta murɗawa gefe ɗaya, busho na hawowa da kansa. Ga mai gida da ke buɗe kwalba ɗaya a wata, shi zan ce ya nema maimakon Digol. Babban nan mai kama da kan zomo, mai hannu da ake dannawa ƙasa a ɗaga, yana da sauri in ana liyafar mutum ɗari a bayan kanta, amma nauyi gare shi, kuma in wutsiyarsa ta lanƙwashe ba inda za ka sami wata a garin nan. Mai batir na yi amfani da shi wata shida. Ƙurar hunturu ta shige shi, ga shi kullum sai ka tarar ba caji daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma ba ya jin busho, niƙawa kawai yake yi. Mai allura da famfo, wanda ke tura iska cikin kwalba har toshi ya fito, shi kam na hana shi shiga ɗakin abincinmu. Kwalbar da ta sha kilomita 1,000 na gargada ba na ƙara mata matsi tana hannun yaro.

Abu ɗaya da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa shiga otal ba. Kwalba mai kumfa, ko shampen ce ko marar giyar nan da ake fasawa a wurin biki da ranar haihuwa, ba a kusantar ta da tirbusho ko wane iri. Matsin da ke cikin shampen ya ninka na tayar ƙaramar mota sau biyu zuwa uku, zafi kuma ƙara shi yake yi. Ka sanyaya ta sosai tukuna. Ka ɗora babban yatsa a kan toshin kafin ka kwance wayar, murɗawa shida ce ta rabin zagaye. Ka karkata kwalbar, bakinta na kallon inda ba kowa, ka riƙe toshin da ƙyalle, ka juya kwalbar daga gindi a hankali har iskar ta fita da ɗan huci. Na ga toshi ya fasa fitila a rufin ɗaki, kuma a wurin biki yara ne ke tsaye kusa da tebur, idanunsu daidai tsayin kwalba.

Yaron nan ɗan Tawa ya dawo ranar Litinin da abinsa a naɗe cikin leda. Ya ce ya zaga Babbar Kasuwa bai gamsu ba, sai a wani kanti a Plateau ya samu, kuma mai kantin ya yi ta kallonsa yana zura ashana cikin kaya. Mai ƙafa biyu ne, ba suna a jikinsa, zagaye biyar, gindin wutsiyar ba ya rawa. Jikka uku da rabi ya biya. Wuƙar ba ta da kaifi sosai, na ce ya kai wa mai wasa wuƙaƙen kicin. Na tara masa kwalabe marasa komai, muna mayar musu da tsofaffin busho da guduma ta katako, yana buɗe goma kowace rana kafin a fara sabis. Har yanzu yana saurin ɗaga matakin farko, kuma yakan manta ya riƙe ƙafar da yatsa. Jiya ya ce, "Baba, yaushe za ka koya mini mai harsunan nan?" Na ce ya bari sai watan Maris in zafi ya shigo, lokacin sito zai ba mu busassun busho da yawa da zai koya a kansu.